Waiwaye: Kwantum da Rai, Tsohuwar Jayayya

Cece-kucen da ake yi yanzu kan ko kimiyyar kwantum, wato fiziks na abubuwa mafi ƙanƙanta irin su ƙwayar zarra, za ta iya bayyana yadda mai rai ke gudana ba yau ya fara ba. Masanin fiziks Niels Bohr ya taɓo zancen a wata lacca a 1932, takwaransa Erwin Schrödinger ya faɗaɗa shi a littafinsa na 1944. Tambayarsu mai nauyi ce: dokokin fiziks sun isa su bayyana rai, ko da sauran rina a kaba? Da aka gano siffar DNA, sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, a 1953, masana halittu suka ga ilimin sinadarai ya ishe su, sai maganar ta lafa.

Shekarar da ba a cika waiwayarta ba ita ce 1966. A Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, Don DeVault da Britton Chance suka haska wata bakteriya mai rayuwa da hasken rana da leza, suna auna saurin da ilektiron, ƙaramar ƙwaya mai ɗauke da cajin lantarki, ke tsallakawa daga wani furotin a cikinta. Suka yi ta sanyaya ta. Bisa ƙa'ida, sanyi na rage saurin irin wannan aiki, kuma da farko hakan aka gani. Amma da aka kai wajen digiri 173 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, sai saurin ya tsaya cak a wuri guda, ƙarin sanyi bai sake taɓa shi ba. Ke nan ba zafi ke tura ilektiron ya haura shingen makamashin da ke tare masa hanya ba, ratsa shi yake yi, abin da kwantum kaɗai ke iya bayyanawa.

A ganina nan tambayar ta rabu biyu ba tare da an ankara ba. Ta Bohr ita ce: mene ne rai? Ta DeVault da Chance kuwa ƙarama ce, mai aunuwa: a wane mataki takamaimai bayanin tsohon fiziks, wanda ba na kwantum ba, ke gazawa? Ai ko dutse ma kwantum ne a ƙasansa, don haka cewa jiki na bin dokokinsa bai bayyana komai ba.

Ƙaramar tambayar ta haifar da ɗa mai ido, kamar binciken Judith Klinman na 1989 kan yadda haidirojin ke ratsa shinge a cikin enzayim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jiki. Rikicin yau yana tasowa ne idan aka ɗauki irin wannan sakamako aka jingina masa amsar babbar tambayar, har a ce kwantum ne tushen tunani da sanin kai, alhali babu wani awo makamancin na 1966 da aka yi a ƙwaƙwalwa da ya nuna hakan.