Mutuwa da aikin yau: tambayoyi da amsoshi a kan yadda Kirista yake ƙidaya kwanakinsa

Hausawa sun ce mutuwa rigar kowa ce, kuma babu wanda yake musun wannan, Musulmi ko Kirista. Inda ake samun ruɗani shi ne abin da ya kamata mai rai ya yi da wannan sani. Tambayoyin da ke ƙasa irin waɗanda ake yi wa fastoci da dattawan ikilisiya ne, musamman bayan an dawo daga maƙabarta.

Me ya sa addinin Kirista yake yawan tuna wa mutum cewa zai mutu?

Dalili shi ne Littafi Mai Tsarki bai ɓoye maganar ba tun daga shafukansa na farko. A Farawa sura 3 Allah ya gaya wa Adamu cewa daga turɓaya aka ɗauke shi, kuma ga turɓaya zai koma. Wannan kalmar ce ake maimaitawa a majami'un Katolika da na Angilikan da wasu na Lutheran a ranar Larabar Toka, lokacin da ake shafa wa masu bi toka a goshi don buɗe azumin kwana 40 da ke gabatar Ista.

Amma tunatarwar ba don a karya wa mutum zuciya ba ce. Zabura 90, wadda ake dangantawa da Musa, ta ce shekarun mutum 70 ne, ko 80 idan yana da ƙarfi, sannan ta roƙi Allah ya koya mana ƙidaya kwanakinmu domin mu sami zuciya mai hikima. Abin lura shi ne yadda zaburar ta ƙare: marubucin da ya gama kwatanta gajartar rai bai roƙi a raba shi da duniya ba, sai ya roƙi Allah har sau biyu ya tabbatar da aikin hannuwansa. Wanda ya san kwanakinsa ƙidayayyu ne shi ya fi damuwa da kada aikinsa ya tafi a banza.

Shin kuka a wurin rasuwa, ko jin tsoron mutuwa, alamar raunin bangaskiya ne?

Ko kaɗan. Yesu ya yi kuka a bakin kabarin Li'azaru a Betanya, alhali ya san zai tashe shi a wannan ranar, kuma a Getsamani ya gaya wa almajiransa cewa ransa yana cikin baƙin ciki ƙwarai har ga mutuwa. Da aka jajjefe Istifanus, masu tsoron Allah ne suka binne shi, suka kuma yi masa makoki mai tsanani. Manzo Bulus bai taɓa kiran mutuwa abokiya ba. A wasiƙarsa ta farko zuwa ga Korintiyawa ya kira ta maƙiyi na ƙarshe da za a hallaka.

Abin da Bulus ya hana Tasalonikawa shi ne baƙin ciki irin na waɗanda ba su da bege, ba baƙin ciki gaba ɗaya ba. Saboda haka ina ganin kuskure ne babba idan masu zuwa gaisuwa suka matsa wa matar da mijinta ya rasu da cewa ta share hawaye domin kuka saɓo ne. Wannan nauyi ne da Ubangiji bai ɗora mata ba, kuma sau da yawa zama kusa da ita shiru, kamar yadda abokan Ayuba suka yi kwana 7 kafin su buɗe baki, ya fi dogon wa'azi amfani.

Idan gidan Kirista na ainihi yana wurin Ubangiji, me ya rage masa na damuwa da wannan duniya?

Wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi, kuma amsarta tana cikin abin da Kirista yake shaidawa game da jiki. Shaidar bangaskiya ta manzanni, wadda ake karantawa a majami'u da yawa kowace Lahadi, ba ta tsaya ga cewa rai zai dawwama ba, ta ce akwai tashin jiki. Idan Allah zai tayar da jiki, to jikin nan da yake jin yunwa, yake yin ciwo, yake buƙatar sutura da magani, ba abin rainawa ba ne, ko nawa ko na maƙwabcina.

Bulus da kansa ya nuna inda wannan koyarwa take kaiwa. Sura ta 15 ta Korintiyawa ta Fari ita ce bayani mafi tsawo a kan tashin matattu a cikin Sabon Alkawari, aya 58 cur, kuma ana yawan karanta ta a bakin kabari. Mai karatu zai zaci Bulus zai rufe ta da cewa a zauna a jira, amma ayar ƙarshe umarni ce a tsaya da ƙarfi, a yalwata cikin aikin Ubangiji, domin wahalar da ake sha a cikinsa ba banza ba ce. Daga nan kuma kai tsaye ya shiga maganar tara gudummawa domin matalautan masu bi da ke Urushalima, har da bayanin cewa kowa ya riƙa ware wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa. A wurinsa babu tazara tsakanin begen tashin matattu da kuɗin da za a aika wa mayunwata.

A Tasalonika kuwa an sami waɗanda suka daina aiki suna zaman kashe wando, kuma masana da yawa suna ganin tsammanin dawowar Almasihu nan kusa ne ya jawo hakan. Bulus bai yaba musu ba. Ya ce wanda ya ƙi yin aiki kada ya ci abinci. A Matiyu sura 25 kuma, inda Yesu ya kwatanta ranar shari'a, tambayoyin da za a yi duka na wannan duniya ne: mayunwaci, mai ƙishirwa, baƙo, wanda ba shi da sutura, marar lafiya da ɗan kurkuku.

An taɓa ganin wannan koyarwa a aikace, a lokacin da mutuwa ta yi yawa?

An gani, kuma a nahiyar Afirka. A tsakiyar ƙarni na 3 wata annoba ta mamaye daular Rum, ta kai birnin Kartej, a ƙasar da ake kira Tunisiya yanzu, wajen shekarar 252. Bishop na birnin, Siprian, ya kwatanta alamunta: zawo marar tsayawa, amai, jan ido, da ruɓewar gaɓoɓi. Mutane suka riƙa gudun 'yan'uwansu, ana barin gawawwaki a kan tituna. Wasu masu bi kuma suka rikice, suna tambayar dalilin da ya sa cutar take kashe su kamar yadda take kashe kowa.

Siprian bai yi musu alkawarin cewa za su tsira ba. Ya ce muddin suna cikin jiki suna tarayya da dukan 'yan Adam a cikin fari da yunwa da cuta. Sannan ya juya tambayar: annobar nan tana gwada ko masu lafiya za su yi jinyar marasa lafiya, ko dangi za su ƙaunaci danginsu, ko iyayengiji za su tausaya wa bayinsu, ko likitoci za su tsaya wa masu neman taimakonsu. Dikon ɗinsa, wato mai taimaka masa a hidimar ikilisiya, Pontiyus, ya rubuta cewa ya tara jama'ar ikilisiya ya gargaɗe su da su yi wa waɗanda ba Kiristoci ba alheri, alhali shekara biyu kacal da suka wuce an tsananta musu a zamanin sarki Disiyus. Masu kuɗi suka ba da dukiya, talakawa suka ba da ƙarfinsu. Daga Iskandariya ta Masar ma Bishop Diyonisiyus ya ba da labarin masu bi da suka yi jinyar marasa lafiya har suka kamu da cutar suka mutu.

Akwai abu guda a tarihin Siprian da ya kamata a riƙe. A tsanantawar shekarar 250 ya ɓuya, ya ci gaba da jagorantar ikilisiya ta wasiƙu, har wasu suka zarge shi. Amma a 258, da aka gurfanar da shi a zamanin sarki Baleriyan, bai musunta bangaskiyarsa ba, aka fille masa kai. Wato bai nemi mutuwa ba, bai kuma saye ransa da ƙarya ba. Kiristan da ya ƙi zuwa asibiti ko ya jefa kansa cikin haɗari da sunan bangaskiya ba wannan tafarki yake bi ba.

A ƙasarmu ma akwai misali. A ƙarshen 1893 samari uku 'yan mishan, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar shiga ƙasar Sudan ta wancan lokaci, wato yankin kudu da Sahara da ya haɗa da arewacin Najeriya. Cikin shekara guda biyu daga cikinsu suka rasu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ya koma gida, daga baya ya sake dawowa, kuma aikin da suka fara shi ya haifi ikilisiyar ECWA da asibitin Galmi a Nijar, wanda aka buɗe a 1950, inda har yau ake jinyar jama'a ba tare da tambayar addininsu ba.

Cewa a rayu a yau, ba wata hanya ce ta cewa a ci duniya da tsinke ba?

Akwai bambanci. A Luka sura 12 Yesu ya ba da misalin mai arzikin da gonarsa ta yi albarka, ya yanke shawarar rushe rumbunansa ya gina manya, ya ce wa ransa ya huta ya ci ya sha. A daren nan aka karɓi ransa. Laifinsa ba noma ba ne, ba kuma tanadi ba, domin Yusufu ya tanadi hatsin shekara 7 a Masar aka yaba masa. Laifinsa shi ne a cikin dukan lissafinsa babu Allah, babu kuma wani mahaluki sai shi kaɗai.

Littafin Mai-Wa'azi, wanda ya fi kowane littafi ambaton gajartar rai, shi ne kuma yake cewa mutum ya ci abincinsa da murna, ya ji daɗin zama da matar da yake ƙauna, ya yi duk abin da hannunsa ya samu da iyakar ƙarfinsa. Yakubu kuwa, a wasiƙarsa da ke Sabon Alkawari, ya tsawata wa 'yan kasuwar da suke tsara tafiyar shekara guda da ribarta kamar gobe a hannunsu take, ya ce su riƙa cewa in Ubangiji ya yarda. Bai hana su fatauci ba. Fahariya ya hana.

A aikace, me mutum zai gyara tun yana da rai?

Na farko sulhu. Yesu ya ce idan mutum ya kawo baikonsa gaban bagade ya tuna ɗan'uwansa yana da wata magana a kansa, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. Gabar da aka riƙe shekara da shekaru a kan iyakar gona ko rabon gado ba a warware ta da kyakkyawan jawabi a ranar jana'iza.

Sai bashi da wasiyya. Da sarki Hezekiya ya kwanta ciwo, saƙon da annabi Ishaya ya kawo masa shi ne ya kintsa gidansa, ko da yake daga baya Allah ya ƙara masa shekara 15. Yesu ma yana kan gicciye ya danƙa mahaifiyarsa a hannun almajirin da yake ƙauna. Da yawa daga cikinmu suna ganin rubuta wasiyya kamar kiran mutuwa ne, sai magidanci ya tafi bai bar komai a rubuce ba, danginsa su kwashe gida da gona, a bar matarsa da marayu hannu wofi. Yakubu ya ce sahihin addini shi ne kula da marayu da matan da mazansu suka mutu, kuma wannan kulawa tana farawa ne da marayun da mutum zai iya bari da kansa.

Ya kamata kuma ikilisiyoyi su dubi al'adar ajiye gawa makonni a ɗakin ajiyar gawa na asibiti domin a shirya gagarumar jana'iza. Abin takaici ne a ci bashi a yanka sa domin mutumin da aka kasa saya wa magani yana kwance. Maƙwabtanmu Musulmi suna binne mamacinsu cikin gaggawa da sauƙi, kuma babu abin da ke cikin Sabon Alkawari da ya wajabta mana tsadar da muka ɗora wa kanmu.

Tsoho ko marar lafiyar da ba ya iya wani aiki fa, shi ma rayuwarsa tana da manufa?

Tana da ita, domin a koyarwar Kirista darajar mutum ba daga abin da yake samarwa take fitowa ba, daga kasancewarsa halitta cikin siffar Allah ne, kuma ceto kyauta ce ta alheri, ba ladan aiki ba. Ɗaya daga cikin waɗanda aka gicciye tare da Yesu bai da sauran lokacin yin wani aiki, roƙo kawai ya yi, aka kuma yi masa alkawarin Firdausi a ranar. Annabiya Hannatu, tsohuwa tukuf wadda mijinta ya daɗe da rasuwa, aikinta a Haikali addu'a ne da azumi, kuma tana cikin waɗanda suka fara ba da labarin jariri Yesu ga masu sauraron fansar Urushalima.

Nauyin da ke nan ya fi faɗawa a kan masu ƙarfi. Zumuntar mata da ƙungiyoyin matasa da dattawa su ne ya kamata su san tsofaffin da suka daina zuwa sujada saboda ƙafa ta gaza, su kai musu jibin Ubangiji da abinci har gida, su kuma zauna su saurari abin da suke so a yi bayan ransu.