Lafiyar Ƙwaƙwalwa a Lokacin Annoba: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya sa annoba ke taɓa hankalin wanda ma bai kamu ba?

Saboda tana haɗa wa mutum tsoro da rashin abin hannu da kaɗaici a lokaci guda. An tabbatar da ɓullar korona a Kano ranar 11 ga Afrilu, 2020, kuma kafin watan ya ƙare Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa jihar dokar kulle ta mako biyu, ana cikin azumi. An rufe Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari, an dakatar da sallar Juma'a, ɗan dako da mai adaidaita sahu, waɗanda sai sun fita ake ɗora tukunya a gidajensu, suka zauna zugum suna jin labarin rasuwar dattawa ɗaya bayan ɗaya, ga shi ba halin zuwa ta'aziyya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon damuwa da fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a duniya a shekarar farko ta annobar.

Shin juriya na nufin mutum ya haɗiye damuwarsa ya yi shiru?

A'a, kuma a nan ne mutanenmu da yawa ke cutuwa. Juriya ita ce mutum ya iya komawa harkokinsa bayan ya jigata, kuma ba a samunta shi kaɗai. Magidancin da ya ci gaba da tashi a kan lokaci, yana kiran 'yan uwa a waya, yana rage bibiyar jita-jitar WhatsApp, yana kuma faɗa wa iyalinsa gaskiyar halin da ake ciki, ya fi samun sauƙi a kan wanda ya ƙulle abin a ransa don kada a ce ya gaza. Maƙwabcin da ya aiko da kwanon abinci ma ya taimaka wa lafiyar gidan, ko da bai sani ba.

Yaushe ya kamata a ga likita?

Idan ƙunci, rashin barci, ko ƙin cin abinci suka wuce mako biyu suna hana mutum aikinsa, a je asibiti ana ci gaba da addu'a, domin neman magani ba raunin imani ba ne. Wanda ya fara maganar kashe kansa kuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi nan take. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da kuma asibitin Dawanau.