Waiwaye: Siririyar rijiya da auna zafin ƙarƙashin ƙasa

Tun 1904 da aka kunna fitilun lantarki da tururin ƙasa a Larderello ta Italiya, damuwar masu haƙa ɗaya ce: ba a sanin abin da ke ƙasa sai an kai gare shi. Babbar rijiyar tururi, wadda faɗin gindinta kan kai inci 8 da rabi, tana lashe miliyoyin daloli, kuma ana iya gama ta a tarar ba ta ba da komai.

Mafitar, wato a fara gwadawa da siririyar rijiya, ta fito ne daga masu neman ma'adinai. Injinsu kan huda rami mai faɗin milimita 76 ko 96, yana zaro dutsen dogo kamar sanda, har a ga tsagar da ruwan zafi ke bi. Ko lakar haƙa, wadda ake turawa cikin rami yayin haƙa, ta zurare cikin tsaga, wannan inji yana iya ci gaba, alhali babban inji sau da yawa sai ya tsaya an ɗura siminti.

A shekarun 1990 cibiyar bincike ta Sandia a Amurka ta jarraba irin wannan haƙa a Steamboat Hills ta jihar Nebada, aka kuma kwatanta sirara da manyan rijiyoyi a Oguni da Sumikawa na Japan. Gwajin kuwa shi ne a tura ruwan sanyi mataki-mataki, na'urar auna matsi tana rataye kusa da tsagar, a ga lita nawa rijiyar ke sha kan kowane ƙarin matsi. An gano cewa inda ruwa zalla ke shigowa, yadda rijiya ke sha kusan haka take bayarwa. Lissafi ya kuma nuna idan aka ninka faɗin rijiya sau biyu, abin da ke fitowa kan kusan ninka shida, saboda gugar bango ta ragu.

Inda ake tuntuɓe shi ne idan ruwan ya soma tafasa tun cikin dutse. Tururi da ruwa na cunkushewa a tsaga ɗaya, sai gwajin sha ya zuzuta rijiyar fiye da ƙarfinta. Siririn bututu kuma yana asarar zafi ta bango, har wata rijiyar ta ƙi tashi sai an busa mata iska ko naitirojin, kuma kuskure ne a yanke wa filin da ake haƙar hukunci kan wannan. Gaggawar auna zafi ma illa ce, domin ruwan haƙa ya sanyaya dutsen, sai ya yi makonni ko watanni kafin ya koma yadda yake.