Wasiyya da Waƙafi a Tsarin Dukiyar Mamaci

Wasiyya ita ce mutum ya ware wani abu daga dukiyarsa, a bayar bayan ransa ga wani mutum ko ga aikin alheri. Waƙafi kuwa, wanda malaman Malikiyya suka fi kira hubusi, tsare asalin kadara ne a sadaukar da amfaninta, irin yadda Sayyidina Umar ya yi da filinsa na Khaibar: ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gada. A Bauchi da Gombe alƙalai na hukunta su bisa mazhabar Imam Malik, kuma sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumin sauraron ƙararrakin waƙafi, kyauta, wasiyya da gadon Musulmi.

Iyakar wasiyya sulusi ce, wato kashi ɗaya cikin uku na dukiya, kamar yadda Annabi (SAW) ya yanke wa Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas. Sai an fitar da kuɗin jana'iza da bashi sannan a lissafa ta, ba a ranar da aka rubuta ba. Misali, wanda ya bar naira miliyan 31, jana'iza da bashi suka ci miliyan 4, sulusinsa miliyan 9 ne. Idan ya yi wa masallaci wasiyyar miliyan 6, marayu ma miliyan 6, kowanne zai koma miliyan 4.5, sai dai in magada balagai masu hankali sun yarda da ƙarin daga rabonsu. Ba a yafe rabon ƙaramin yaro a madadinsa.

Ba a yi wa magaji wasiyya, kuma ranar rasuwa ake duba wanda ya zama magaji. Wanda wasiyya ta fi yi wa rana shi ne jikan da mahaifinsa ya riga kakan rasuwa, domin baffanninsa na katange shi daga gado. Haka agola da ɗan riƙo. Masar ta wajabta wa irin wannan jika wasiyya a dokarta ta 1946. A nan kuwa, in kakan bai yi ba, shi ke nan.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen hauzi, wato karɓar abu a hannu. Kyauta ko waƙafin da mutum ya yi yana da lafiya ba su da iyakar sulusi, yana iya ba da gidansa sukutum. Amma dole abin ya bar hannunsa kafin mutuwa, ko ciwon ajali, ko bashi ya cinye dukiyarsa. Mutum ya ce ya ba Islamiyya shagunansa, alhali shi ke karɓar haya yana ci har ya rasu: shagunan sun koma gado. Wanda ya yi hubusin gidan da yake ciki, ya fita, sannan ya dawo kafin shekara ta cika, ya rushe hubusin. Abin da aka bayar a kan gadon ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya ke hawa kansa.

Takarda ita kaɗai ba ta wadatar. A Malikiyya, wasiyyar da aka tsinta da rubutun mamaci, bai kafa mata shaidu ba, bai kuma ce a zartar ba, ba a aiki da ita, don mai yiwuwa ya janye. Shi ya sa ake kafa shaidu biyu adalai, a rubuta iyakokin gona ko lambar fili, a ambaci wasiyyi, wato wanda zai zartar da ita, a ajiye kwafi a hannun wanda ba shi da rabo.

Fili mai takardar mallaka ta jiha yana buƙatar amincewar gwamna kafin ya sauya hannu, bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Ya fi aminci a mayar da shi sunan amintattun da suka yi rajista da hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, maimakon sunan liman, wanda 'ya'yansa kan iya ɗauka gadonsu ne. A kuma haɗa masallaci ko rijiyar burtsatse da shago ko gonar da za ta riƙa biyan gyara, tare da bayyana wanda zai gaji naziri, wato mai kula da waƙafin, in ya rasu ko ya gaza.