Addu'a da Gafara a Ikkilisiyoyin Arewa Mai Nisa ta Kamaru

Addu'a da gafara su ne hanyar da akasarin ikkilisiyoyin jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru suka riƙe tun da ta'addancin Boko Haram ya tsallako daga Borno a 2013. Hedikwatar jihar tana Marwa, amma yankunan kan iyaka ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu, wato Mayo-Tsanaga, Mayo-Sava da Logone-et-Chari.

Mafarin lamarin

A Nuwamban 2013 aka sace Fada Georges Vandenbeusch, Bafaranshe, daga Nguetchewe, sai ƙarshen Disamba aka sako shi. A Afrilun 2014 aka kwashe limaman Katolika 2 'yan Italiya da Sista Gilberte Bussière 'yar Kanada a Tchéré, suka shafe kusan wata biyu a hannu. A shekarar ce Bruno Ateba ya zama bishop na Marwa-Mokolo, ya gaji dayosis da ke cikin tsakiyar wuta. Daga nan ƙona majami'u da kore ƙauyuka suka biyo baya, har a wurare irin su Tourou mutane suka koma kwana a kan duwatsu, su sauko da safe su duba gona.

Musulmi ma ba su tsira ba. A Fabrairun 2015 an kashe masallata a Fotokol, bama-baman da suka tashi a Marwa a Yulin shekarar kuma ba su tambayi addinin kowa ba. Wannan ya taimaka wa shugabannin coci wajen nuna wa mabiyansu cewa maƙwabci Musulmi ba shi ne abokin gaba ba. Limaman ɓangarorin biyu sukan zauna tare a inuwar ƙungiyar ACADIR mai haɗa addinai a Kamaru.

Koyarwa da aiki

Ayoyin da aka fi jingina da su sanannu ne: roƙon Yesu a kan gicciye cewa Uba ya gafarta wa masu kashe shi (Luka 23:34), umarnin a yi wa masu tsanantawa addu'a (Matiyu 5:44), da gargaɗin Bulus cewa ramako na Allah ne (Romawa 12:19). A sujada akan yi wa mamata da waɗanda aka sace addu'a, sannan a roƙa wa maharan tuba. Wannan roƙo na ƙarshe shi ya fi nauyi a baki, musamman ga gwauruwar da ta san wanda ya nuna gidansu.

A sansanin Minawao, wanda aka buɗe a 2013 kusa da Mokolo, 'yan gudun hijira daga Gwoza da kewaye suna yin sujada da Hausa. Da yawansu 'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ne, EYN, cocin da ya gaji koyarwar ƙin ramuwar gayya. Zumuntar mata ce ke ɗauke da mafi yawan aikin: zaman makoki da wadda aka yi wa rashi, haɗa kwanon gero, riƙon marayu.

Gafarar nan ba ta nufin a miƙa wuya a yanka. Matasan Kirista da yawa sun shiga ƙungiyoyin 'yan sa-kai tare da Musulmi don gadin ƙauyukansu, kuma fastoci sukan bambance kare kai da ɗaukar fansa.

Batun tubabbu

Jarrabawa mafi tsanani ta zo ne da dawowar waɗanda suka ajiye makamai. Gwamnati ta kafa kwamitin karɓarsu a Nuwamban 2018, aka riƙa tsugunar da su a cibiyar Meri, kuma yawansu ya ƙaru bayan mutuwar Abubakar Shekau a Mayun 2021. A nan ra'ayi ya rabu a cikin ikkilisiya. Wasu na ganin wanda ya tuba a karɓe shi ba tare da sharaɗi ba. Wasu na cewa sun yafe a zuci, amma zama unguwa ɗaya sai an faɗi gaskiya an biya haƙƙi, ga shi kuma ana ciyar da tubabbu alhali waɗanda aka kora ba su koma gonakinsu ba. Ƙorafin nasu yana da tushe, domin harin da aka kai wa 'yan gudun hijira a Nguetchewe a Agustan 2020 ya auku ne ana tsakiyar wannan shiri.