Juyayyen aji a karatun likitancin haƙori

Juyayyen aji salon koyarwa ne da ake sauya wa lacca da aikin gida matsayi. Ɗalibi yakan kalli darasi a bidiyo ko ya karanta shi kafin ya zo, sannan a yi amfani da lokacin aji wajen tambayoyi, muhawara da aikin hannu a gaban malami. Salon ya yi suna ta hannun Jonathan Bergmann da Aaron Sams, malaman ilimin sinadarai a wata sakandare da ke Woodland Park a jihar Colorado ta Amurka, waɗanda suka fara naɗar darussansu a 2007 saboda ɗaliban da ke rasa aji. Kafin su, Eric Mazur na Jami'ar Harvard ya riga ya sa ɗalibansa suna koyar da juna a aji tun farkon shekarun 1990. Annobar korona ta 2020 ta ƙara yaɗa salon, don ta tilasta wa makarantu ɗora laccocinsu a intanet.

Karatun haƙori ya dace da salon sosai, domin rabinsa ilimi ne, rabinsa gwanintar hannu. Sai ɗalibi ya san siffar haƙora 32 na babban mutum ɗaya bayan ɗaya, ya sassaƙa su da kaki, ya koyi fafe ruɓaɓɓen wuri da yin ciko a haƙoran roba da aka jera a kan mutum-mutumi, kafin a yarda ya taɓa bakin majiyyaci. Idan malami ya nuna aikin ga taro, na baya ba ya ganin komai, don wurin bai wuce 'yan milimita ba. Bidiyo kuwa yana kawo haƙorin dab da ido.

Wannan ne abin da ɗalibai suka fi yabawa: mutum ya tsayar da darasi, ya koma baya, ya sake kallo har ya gane, ba tare da jin kunyar kowa ba. Ya fi amfanar wanda harshen koyarwa ba nasa ba ne. Suna kuma jin daɗin samun malami a kusa lokacin da hannu ke kuskure, wanda shi ne lokacin da aka fi bukatarsa. Nazarin da Khe Foon Hew da Chung Kwan Lo suka fitar a 2018, wanda ya haɗa bincike 28 a fannonin kiwon lafiya, ya nuna ɗaliban juyayyen aji sun fi ɗaliban lacca fahimta, musamman inda ake ɗan gwaji a farkon aji.

Ƙorafinsu ma yana da tushe, kuma bai kamata a ɗauke shi lalaci ba. Ranar ɗalibin haƙori a cike take da ɗakin gwaji da asibiti, don haka bidiyo mai tsawo yakan cinye masa dare. Tambaya idan ta taso a gida, ba mai amsawa nan take. Wanda bai shirya ba yakan zauna kamar baƙo, ya kuma ja rukuninsa baya. Abin da ya fi ɓata musu rai shi ne su kalli darasi, su zo aji, malami ya sake karanta musu shi daga farko. Shi ya sa makarantu da yawa ke gajarta bidiyon, suna juya wasu darussa kawai, kamar siffar haƙora da karanta hoton muƙamuƙi, su bar sauran a kan lacca.