Waiwaye: Daga Barikin Dodan zuwa Yamai, wa ke ba shugaba izinin kai soja waje?

Duk lokacin da aka ɗauko zancen wani shugaban ƙasar waje da ya rura wutar yaƙi, a teburin mai shayi a Agege ko Idi-Araba, sai ka ji wani dattijo ya ce, "Ai mu ma mun taɓa gani, kuma daga nan Ikko aka kitsa shi." Gaskiyarsa ce. A Legas aka rattaba hannu kan yarjejeniyar kafa ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a 1975, kuma a 1990, lokacin da aka tura sojan Najeriya Laberiya, fadar gwamnati tana Barikin Dodan ne. Sai a Disambar 1991 aka koma Abuja.

Charles Taylor ya fara tawaye a Laberiya a ƙarshen 1989. A Agustan 1990 ECOMOG, rundunar sojan ECOWAS, ta sauka Monrobiya da sunan raba faɗa, mafi yawan sojojin kuwa na Najeriya ne. Ba a yi wata guda ba, ranar 9 ga Satumba, mayaƙan wani madugun 'yan tawaye, Prince Johnson, suka kama shugaban Laberiya Samuel Doe a hedikwatar ECOMOG ɗin kanta, suka kashe shi daga baya. Daga nan aka miƙa ragamar fagen daga ga Janar Joshua Dogonyaro, mai rabon faɗa ya koma ɗaya daga cikin masu faɗan.

Muhawara ta kaure a jaridun Legas. Masu goyon bayan Janar Babangida suka ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, ga kuma 'yan Najeriya da suka maƙale a can. Masu suka suka ce abota ce tsakaninsa da Doe ta ja mu ciki, alhali talaka na nishi a ƙarƙashin shirin tsuke bakin aljihu na SAP. 'Yan jarida biyu na Legas, Krees Imodibie da Tayo Awotunsin, sun rasa rayukansu a hannun mutanen Taylor. Sai dai duk surutun a takarda ya tsaya. Babu majalisar da za a tambaya. Haka aka zarce Saliyo a zamanin Abacha, gwamnatin soja ta maido da zaɓaɓɓen shugaba Ahmad Tejan Kabbah kan mulki a 1998, ita kuwa tana tsare da Abiola a gida. Adadin da aka fi ambata na kuɗin da yaƙoƙin biyu suka ci shi ne kimanin dala biliyan 8.

Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa wa shugaba linzami a sashe na 5. Ba ya ayyana yaƙi sai majalisun tarayya biyu sun amince a zaman haɗin gwiwa, ba ya tura soja fagen fama a waje sai da yardar Majalisar Dattawa tun farko. Amma an bar masa ƙofa: idan ya gamsu cewa tsaron ƙasa na fuskantar barazana ta kusa, yana iya tura su bayan tuntuɓar Majalisar Tsaro ta Ƙasa, ya nemi amincewar sanatoci cikin kwana 7 da fara gwabzawa, su kuma su amsa cikin kwana 14. A ganina wannan ƙofar ta yi faɗi. Wane sanata ne zai ce a'a bayan jini ya riga ya zuba?

Jonathan ya bi ta majalisa kafin tura soja Mali a 2013. Na Gambiya a 2017 ya jawo ƙorafi a zauren cewa ba a tuntuɓi sanatoci ba, zancen ya bi iska.

Na Nijar ne ya bambanta. Bayan kifar da Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ƙarƙashin Shugaba Tinubu ta ba da wa'adin kwana 7 a maido shi kan mulki ko a yi amfani da ƙarfin soja, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarki. A Legas maganar ba ta nesa ba ce. Maigadin layinku mutumin Tawa ne, mai ga-ruwa daga Damagaram yake, a mayankar Oko-Oba kuwa ba ka rabe Bakatsine da Bamaraɗe sai sun faɗa maka. Wani mai sayar da albasa a Mile 12 ya taɓa ce mini, "Malam, in aka harba bindigar nan, gidan surukaina za ta sauka." Sanatocin Arewa suka tuna wa shugaba cewa jihohi 7 ne ke iyaka da Nijar, kuma ranar 5 ga Agusta Majalisar Dattawa ta nemi a bi hanyar siyasa da sulhu. Muhammadu Sanusi II ya je Yamai ya gana da Janar Tiani, jagoran juyin mulkin, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ta bi sahu.

Har yau ana gardama a Agege: sashe na 5 ne ya hana yaƙin, ko zumunci? Ni dai na fi karkata ga na biyun, domin sanatocin da suka fara ɗaga murya, daga inda wutar za ta fara ci suka fito. An buɗe iyakar a Maris na 2024, Bazoum bai koma kujerarsa ba, Nijar kuma ta fice daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso a Janairun 2025.